Filin Masu Keke: Taya Mai Faɗi Tana Gudu Kuwa?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan taya suke, sai ka ce an haɗa baki. Mun tsinci guda bakwai, mun taƙaita su, muka miƙa wa makanikai da masu horar da 'yan tsere da ke amsa tambayoyin wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi keken tsere na hannu, irin wanda ake ce wa hom-yus, tayarsa 700x23C ce, wato faɗinta milimita 23. Duk ranar Lahadi muna fita da abokai daga Nima, mu bi ta Madina da Adenta, mu hau dutsen Aburi. Wasu sun ce in sa 28 ko 32 zan fi gudu, mai gyaran kekena kuma ya ce siririyar taya da iska tam ita ce gudu. Wa zan bi?
— Wani matashi daga Nima

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Abin da mai gyaranka ya faɗa shi kowa ya sani shekara ashirin da suka wuce, kada ka ga laifinsa. 'Yan tseren Tour de France, babban tseren keke na Faransa, kansu sun daɗe a kan 23. Yau mafi yawansu 28 suke sawa ko 30, a tseren Paris-Roubaix da ake yi a kan titin duwatsu a Faransa kuwa har 32 ake gani. Mutanen da ake biya don su riga kowa isa ba za su ɗaura abin da zai ja su baya ba.

Taya tana cin ƙarfin mahayi ta hanya biyu. Ta farko, wurin da ya taɓa ƙasa yana lotsawa ya sake miƙewa a kowane juyi, kuma duk lotsawar nan ƙarfin ƙafarka ne ke zama zafi a cikin roba. Siririyar taya tana taka ƙasa da dogon sawu, mai faɗi kuma da gajeren sawu faffaɗa, saboda haka idan iskarsu ɗaya, mai faɗin ba ta lanƙwasa kamar siririyar. Ta biyu ita ce girgiza, kuma ita ta fi damun mu a nan Accra. Tayar 23 sai an cika mata iska PSI 95 ko 100 (PSI ma'aunin matsin iska ne) kafin ta tsira daga rami. Taya mai tauri haka ba ta haɗiye gargadar titi, tsalle take yi a kan kowane ɗan tsakuwa, ta ɗaga keken, ta ɗaga ka, wuyan hannunka da ƙugunka su sha sauran. Kana jin keken yana kaɗawa sai ka ɗauka gudu kake yi, alhali ƙarfinka ne ke zubewa.

Amma kada abokanka su ruɗe ka. A kan sabuwar kwalta mai sumul, idan an sa wa kowace taya iskar da ta dace da ita, tsakanin 25 da 32 ba wata tazara ba ce. Mai faɗi ta ɗan fi nauyi, kuma in gudu ya haura kilomita 35 a awa tana ɗan tare iska, musamman a kan siririn rim, wato ƙarfen wili da taya ke hawa kansa. Ribarta tana fitowa ne inda kwalta ta tsufa, inda aka yi mata faci a kan faci, da kuma lokacin gangarowa daga Peduase zuwa Ayi Mensah, inda kake son taya ta kama ƙasa a kwana. Kilomita nawa na hanyarku ne sumul? Kai ka fi mu sani.

Mu dai shawararmu: 28 in ita ce iyakar abin da kekenka zai ɗauka, 30 ko 32 in akwai wuri. Sai dai kafin ka kai hannu aljihu, karanta amsa ta gaba, don keken da ya zo da 23 sau da yawa 25 ce iyakarsa.

TAMBAYA: Yaya zan gane ko taya mai faɗi za ta shiga kekena ba tare da na saya na yi asara ba? Birkina irin mai kama rim ne.
— Wani mai karatu daga Madina Zongo

AMSA: Malam, aikin minti goma ne, kayan aikin kuma alanki da rula.

Fara da auna tayar da ke kan keken yanzu, don lambar da aka rubuta a jikinta ba lallai ta zama faɗinta na gaskiya ba. Cika mata iska, ka ɗauki sifanar nan da ake buɗe bakinta a rufe, ka matsa bakin a hankali har ya taɓa gefen tayar biyu, ka zare, ka auna bakin da rula. Daga nan ka duba sararin da ya rage a wurare huɗu: ƙarƙashin cokali, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, ƙarƙashin birkin gaba da na baya, tsakanin ƙarafan nan biyu da suka tashi daga wajen feda zuwa wilin baya, da bayan ƙarfen da sirdi ke kansa. Ka riƙa cusa alanki tsakanin taya da ƙarfe, ka fara da na 4, sai 5, sai 6, har ka kai wanda ba ya shiga. Lambar alanki kaurinsa ce a milimita, saboda haka na ƙarshe da ya shiga shi ne ya gaya maka milimita nawa ka ke da su.

Lissafin shi ne, in ka tashi daga 25 zuwa 28, taya za ta ƙara milimita ɗaya da rabi ta kowane gefe, amma ta sama za ta ƙara kusan uku cif. Nan ne mutane ke faɗawa: sai su duba gefe su ga wuri ya isa, su manta da sama, taya ta je ta gogi birki. Bayan ka sa sabuwar, lallai a samu milimita 4 a ko'ina. Ƙasa da haka kada ka yarda, ko da wili yana juyawa lafiya a shago. Wili yana ɗan lanƙwasa idan ka miƙe tsaye kana taka feda da ƙarfi, kuma da damina taya na kwaso jan laka da tsakuwa ta bi da su ta wannan 'yar kafa. Wata biyu kawai sai ka ga fenti ya goge, in firam na kabon ne kuwa, shi kansa take ci.

Birkin da ke kama rim, tsofaffi 25 ne iyakarsu, sababbi kamar Shimano 105 R7000 suna ɗaukar 28. Keken da ke da birkin faifai ne yawanci ke ɗaukar 32 zuwa sama.

Saura rim. Cire tayar ka auna faɗinsa daga ciki, ko ka nemi rubutu irin 622x15C ko 622x19C a jikinsa, lambar ƙarshen nan ita ce faɗin. Rim mai 15 ya fi jin daɗin 23 zuwa 28. In ka ɗora masa 32 tayar za ta yi tsayi kamar ƙwan lantarki, ta riƙa tangaɗi a kwana idan iska ta yi ƙasa. Mai 19 ko 21 shi ne gidan 28 zuwa 35. Ka kuma sani faffaɗan rim yana buɗe taya: wadda aka rubuta wa 28 tana iya zama 30 a kan rim mai 21, ka sa wannan a lissafinka. In za ka cire wili kuma tayar ta ƙi wucewa tsakanin robobin birki, ɗaga ɗan hannun da ke gefen birkin, ko ka sace iskar tukuna.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Kekena irin na dā ne mai birkin sanda, tayarsa 28. Na aika yaro ya sayo 28, aka kawo, ta ƙi shiga ko kusa. Mai shago ya ce ba ya karɓar kaya in sun fita.
— Wani dattijo daga Sabon Zongo

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ba yaron ba ne ya yi kuskure, sunan ne ya zo ɗaya. Keken irin naku, su Raleigh da Phoenix na dā, tayarsu 28 x 1½ ce, kuma faɗin rim ɗinta daga baki zuwa baki milimita 635 ne. Wadda aka kawo maku kuwa ta rim mai 622 ce, wato 700C, ita ma a wasu ƙasashen Turai 28 ake ce mata. Milimita 13 ke tsakani, ba ƙarfin hannun da zai cike su.

A jikin kowace taya akwai lambobi biyu da ɗan layi a tsakiya, kamar 40-635 ko 32-622. Ta farko faɗi ce, ana iya canza ta. Ta biyu girman rim ce, ba a taɓa ta. A rubuta ta a takarda a ba wa duk wanda za a aika. Haka rikicin yake a 26: ta keken hawan dutse 559 ce, ta kekunan Japan masu kwando a gaba kuwa, 26 x 1⅜, 590 ce. Akwai kuma tsofaffin kekunan tsere masu 27, wato 630, su ma 700C ba ta shigarsu.

TAMBAYA: Na sa 700x32. Iska nawa zan sa? Mai faci yana cika min har sai ta yi ƙwar kamar dutse. Da na rage da kaina kuma sai na faɗa rami, tub ya huje wuri biyu.
— Wani ɗan'uwa daga Mamobi

AMSA: Ɗan'uwa, kun yi gaba da baya ke nan, shi ya wuce gona da iri, kai kuma ka rage fiye da kima. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji ba ƙusa ba ce. Taya ce ta lotsa har ƙasa, leɓen rim ya datse tub ɗin da bakin rami. Ƙarancin iska ke kawo shi.

Lambar da aka rubuta a jikin taya, misali PSI 102, iyaka ce da ba a ƙetarewa, ba ita ake so ka sa ba. Ga mutum mai nauyin kilo 70 a kan keken tsere da tub a ciki, ga inda za a fara: tayar 25, PSI 80 zuwa 85, ta 28, PSI 65 zuwa 72, ta 32, PSI 52 zuwa 58, ta 35, PSI 45 zuwa 50. Duk kilo 10 da ka ɗara haka, ƙara kamar 5, in kuma kana goyon kaya a baya ka haɗa nauyinsu. Ta gaba ta gaza ta baya da 3 zuwa 5, domin baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi. In famfonka da ma'aunin da ake kira bar yake lissafi, bar 1 PSI 14.5 ne.

Daga nan sai gwaji a kan hanyar da ka saba bi. In keken yana tsalle hannunka yana mutuwa, sauke 3. In ka ji rim ya ce ƙwas a kan tudun rage gudu, ko tayar tana narkewa a kwana, mayar da 5. In aka fara ruwan Mayu da Yuni, rage 3 zuwa 4 don ta ƙara kama titi.

Matsa taya da yatsa ba awo ba ne, daga PSI 50 zuwa sama yatsa ba ya bambancewa. Sayi famfon tsaye mai agogo, shi ne kuɗin da ba za ka yi da-na-sani ba. Injin mai faci na tayar mota aka yi shi, tayar keke kuwa cikinta bai kai lita biyu ba, daƙiƙa kaɗan ta cika ta wuce. In dole ce ta kai ka, kuma bawul ɗinka siriri ne irin Presta, sai ka riƙe 'yar mahaɗar tagulla da ke mayar da shi irin na mota, ka ce a riƙa sawa kaɗan-kaɗan. Zafi ma yana da nasa: duk digiri 10 da taya ta ƙara, iskar ciki tana hawa da PSI 2 zuwa 3, saboda haka wadda aka cika ta kai iyaka da asuba, aka jingine ta a rana tsaka, tana iya tashi da kanta.

Ka kuma duba kwalin tub ɗinka. In 700x18-25 aka rubuta, ya yi wa 32 kaɗan, zai miƙe ya yi siriri ya riƙa hujewa a banza. Nemi 700x28-32 ko 28-35.

TAMBAYA: Na bi shawarar masu cewa a sa mai faɗi, na sayi 700x35 mai araha. Wallahi keken ya yi nauyi kamar ina jan amalanke. Ina gudun da ake faɗa? Aikina kai saƙo ne tsakanin Circle, Osu da Kaneshie.
— Wani mai karatu daga Newtown

AMSA: Malam, araha ba ta ado. Faɗi shi kaɗai ba ya kawo gudu. Abin da ke sa taya ta yi gudu shi ne saƙar da ke ƙarƙashin robar da irin robar kanta. Taya mai araha ana saƙa ta da zare mai kauri, a lafta mata roba mai tauri, a sa waya a bakinta. Irin wannan ko 25 ce ko 35, jan ƙafa za ta yi.

A shago za ka iya ganewa da hannu. Kama gefen tayar tsakanin yatsu biyu ka murza. Mai gudu tana naɗewa kamar yadi, mai nauyi kuwa kamar takalmin roba. Duba TPI a jiki ko a kwali, wato yawan zare a inci ɗaya: 30 kauri ne, 60 madaidaici, 120 zuwa sama laushi. Sai dai kada ka gwada lambar wani kamfani da ta wani, domin Continental idan suka rubuta 330, shimfiɗa uku suka haɗa, kowace 110. Tayar da ke naɗewa a cikin kwali, mai zaren Kevlar a baki maimakon waya, ta fi sauƙin nauyi.

Ga masu neman gudu zalla akwai Continental Grand Prix 5000, wadda ta fito a 2018, akwai Schwalbe Pro One, Vittoria Corsa da Pirelli P Zero. Suna gudu, amma gefensu siriri ne, fasasshiyar kwalba ba ta jin kunyarsu. A ɗaya ƙarshen akwai Schwalbe Marathon Plus, mai shimfiɗar roba ta milimita 5 a ciki. Ƙusar kwali ba ta huda ta, amma ta 32 ɗinta ta kai wajen giram 800, alhali Grand Prix 5000 mai wannan faɗi ba ta kai 300 ba. Rabin kilo ke nan a kowane wili, kuma za ka ji shi duk lokacin da ka tashi daga danja.

Kai da kake yini a bayan trotro, kana bin gefen titi inda duk gilashi da waya ke taruwa, tsakiya za ka nema: Continental Gatorskin, Panaracer Pasela mai kariya, Vittoria Rubino Pro ko Pirelli Cinturato Velo, a faɗin 32. Minti biyun da tayar tsere za ta rage maka, faci ɗaya a rana ya cinye su har da riba.

In ta hannu za ka saya, ko sabuwa da ta daɗe a rataye a shago, lanƙwasa ta ka duba gefe a cikin haske. In ka ga ƙananan tsaga, rana ta gama da robar, bar ta. Juya cikinta ka shafa da yatsa ko akwai inda zare ya tsinke, ka bi bakin kuma ko waya ta leƙo. Taya mai babban suna da aka yi maka kuɗinta kamar na mai araha, rubutun jikinta kuma ya yi dishi-dishi, jabu ce.

TAMBAYA: Taya marar tub fa? An ce ba ta yin faci.
— Wani ɗan tsere daga Ashaiman

AMSA: Tana yi, sai dai ƙananan huji, na ƙaya da siririyar waya, ruwan da ake zubawa a ciki yana toshe su kana tafe. Tun da babu tub, saran maciji ma ya kau, kana iya sauke PSI 5 daga lambobin da muka bayar a sama. A tayar 30 zuwa sama ta fi aiki, domin a siririya matsin iska yana feso ruwan waje kafin ya daskare.

Sharaɗinta: rim da taya duka su kasance an yi su don haka, za ka ga TLR, TR ko TLE a jiki. Ana naɗe cikin rim da tef na musamman zagaye biyu, a sa bawul ɗinta, a zuba ruwan mililita 40 zuwa 60. Kada ka gwada da tayar tub ta yau da kullum, tana iya fita daga rim kana cikin gudu. In rim ɗinka irin sabon nan ne wanda leɓensa ba shi da ƙugiya daga ciki, bar 5 ne iyakarsa, wato PSI 72.5, kuma sai tayar da kamfanin ya amince da ita.

Matsalarta a ƙasarmu zafi ne. Ruwan yana bushewa da wuri, duk wata biyu sai ka cire wili ka girgiza kusa da kunne, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara. Ba kowane shago ke da shi ba, kuma mai facin bakin titi bai san kanta ba. Ko ka koma marar tub, kada ka fita ba tub ɗaya a aljihu, da ɗan ƙyallen tsohuwar taya da za ka tare babbar tsaga daga ciki.

TAMBAYA: Ɗana yana zuwa makaranta da keken hawan dutse mai taya 26 mai ƙuraje. Yana kukan nauyi. In sa masa mai sumul, ba zai zame da damina ba? Kuma kuɗin taya ɗaya gare ni yanzu, gaba zan sa ko baya?
— Wata uwa daga Fadama

AMSA: Hajiya, ki sa masa, zai ji kamar an canza masa keke. Ki ce a ba ki 26 x 1.5 ko 26 x 1.75 mai sumul ko mai ɗan zane, ki tabbata an rubuta 559 a jiki, a sa PSI 40 zuwa 50. A kan kwalta, ko jiƙaƙƙiya ce, mai sumul ta fi mai ƙuraje kamawa, domin robar da ke taɓa ƙasa ta fi yawa, keke kuma ba ya gudun da ruwa zai ɗaga tayarsa kamar mota. Abin da ke kayar da mai keke da damina shi ne farin fentin titi, murfin kwata na ƙarfe, da yashin da ruwa ya tara a kwana. A gaya masa kada ya kama birki a kansu. In hanyarsa akwai laka sosai, a zaɓi mai sumul a tsakiya da 'yan ƙuraje a gefe.

Batun ɗaya kuwa, mai kyau a gaba take zama. Ta baya ta fi saurin cinyewa, amma in ta fashe keke yakan ja ya tsaya, ta gaba in ta fashe a guje mutum ƙasa yake zuwa. Saboda haka in ta gaban yanzu da sauranta, ba tsaga ba kumburi, a bar ta a wurinta, a sa mai sumul ɗin a baya, nan ne ma zai fi jin sauƙin, ta biyu ta biyo in Allah ya hore. In kuwa ta gaban ta tsufa, sabuwar can za ta, a mayar da wadda ta fi dama cikin tsofaffin biyu baya. A ce wa mai gyara ya duba kibiyar da ke gefen tayar ta fuskanci inda wili ke juyawa, ya kuma shafa tef ɗin cikin rim kafin ya rufe, kada kan sifok ya leƙo ya huda sabon tub.